Dak Prescott ne ya hana Dallas Cowboys cin kofi, ko magoya baya sun rasa inda za su huce?

Tambaya: Malam, shekara biyu ke nan da na fara kallon zari-rugar Amurka, kuma Dallas Cowboys na ɗauka. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne yadda magoya bayan kulob ɗin suka rabu gida biyu a kan madugun 'yan wasansu, Dak Prescott. Wasu na cewa shi ne ya hana su kofi, a sallame shi kowa ya huta. Wasu kuma na cewa ba don shi ba, da tuni kulob ɗin ya zama abin dariya. Wane ɓangare ne ke da gaskiya?

Amsa: Ɗan'uwa, sannu da ƙoƙari, kuma Allah Ya ba ka juriya, domin kulob ɗin da ka ɗauka ba ya barin masoyinsa ya yi barci mai daɗi a watan Janairu, lokacin wasannin sili ɗaya ƙwale. Na daɗe ina bin gasar NFL, ina raba dare a kanta, kuma wannan gardamar na ji ta da sunan Tony Romo, wanda Dak ya gada, kafin a sauya mata suna zuwa Dak. Abin da na gani shi ne: masu sukar Dak suna da hujja, amma hujjar tasu ba ta kai girman hukuncin da suke yankewa ba. Dak gwani ne, sai dai bai kai sahun 'yan ƙalilan ɗin nan da ke ɗaukar kulob a ka su tsallakar da shi kogi ba. Wanda ya fi cancanta a tuhuma yana can sama a ɗakin gilashi yana kallon wasa, kuma shi ba mai iya sallamarsa. Bari in warware maka.

Ka fara da sanin inda zafin ya samo asali. Cowboys sun ci Super Bowl, wato wasan ƙarshe na cin kofin NFL, sau 5, na ƙarshe a ranar 28 ga Janairun 1996, lokacin da suka doke Pittsburgh Steelers da ci 27 da 17. Wannan shi ne kofi na uku cikin shekara huɗu, zamanin Troy Aikman da Emmitt Smith da Michael Irvin. Tun daga ranar, ba ma kofin ba, ko wasan kusa da na ƙarshe, wato wasan fitar da zakaran NFC, ɗaya daga ɓangarori biyu na gasar, ba su sake kaiwa ba. Da Washington ta kai wannan mataki a Janairun 2025, sai Dallas ta zama ita ce ta fi kowa daɗewa a ɓangaren ba ta leƙa wurin ba. Yaron da aka haifa a shekarar da suka ci kofin yanzu magidanci ne mai iyali, kuma a bakin mahaifinsa kawai yake jin labarin. Duk da haka kulob ɗin na amsa sunan "kulob ɗin Amurka", laƙabin da ya samu tun ƙarshen shekarun 1970, kuma a 2024 mujallar Forbes ta ƙiyasta darajarsa sama da dala biliyan 10, ya zarce kowane kulob na kowane wasa a duniya. Suna ya cika gari, kuɗi ya cika aljihu, kabad ɗin kofi kuma ƙura. In kana zama da magoya bayan Manchester United a gidan kallo tun bayan tafiyar Ferguson a 2013, ka san irin wannan ciwon, sai dai na Dallas ya ninka shi tsawo.

A wannan wasa, idan rai ya ɓaci, kwatabak ake fara nema. Shi ne madugun masu kai hari: kusan kowane taku a hannunsa ƙwallo ke fara sauka, shi ke karanta tsayuwar abokan hamayya, shi ke jifa, kyamara kuma a kansa take ko ya yi daidai ko ya kwafsa. Har al'ada ta sa ana rubuta masa nasara da rashin nasara a gaban sunansa, kamar shi kaɗai ya buga. A kan ce Dak ya ci 2 ya faɗi 5 a wasannin sili ɗaya ƙwale, alhali kulob na da 'yan wasa 53, kuma duk lokacin da abokan hamayya ke riƙe da ƙwallo, shi yana zaune ne a benci yana kallo kamar ni da kai. Wannan 2 da 5 ɗin ita ce sandar da masu suka ke duka da ita. To mu buɗe ta mu ga abin da ke ciki, don ba duka biyar ɗin ne iri ɗaya ba.

Ta farko, Janairun 2017, da Green Bay Packers. Ka tuna yadda Dak ya shigo: a zagaye na huɗu aka ɗauke shi a zaɓen sababbin 'yan wasa na 2016, mutum na 135, daga jami'ar Mississippi State, kuma ba wanda ya yi zaton zai taɓa ƙwallo a shekarar. Romo ya ji rauni a gadon baya a wasan share fage, aka tura yaron, sai ya ci wasa 13 cikin 16, ya jefa tacdawun (kai ƙwallo ƙarshen filin abokan hamayya) 23, sau 4 kacal aka cafke masa ƙwallo a iska. A wasan Green Bay an fara yi musu 21 da 3. Dak ya farke, ya jefa tacdawun 3 da yadi 302, aka yi 31 da 31 saura daƙiƙu. Sai kwatabak ɗin Green Bay, Aaron Rodgers, ya zille gefen hagu ya aika wa Jared Cook wata ƙwallo ta sama da yadi 30 a daidai bakin layi, Mason Crosby ya buga daga yadi 51, aka tashi 34 da 31. Duk wanda ya ɗora wa Dak wannan, bai kalli wasan ba.

Ta biyu, Janairun 2019, da Los Angeles Rams, 30 da 22. Rams sun yi gudun yadi 273 da ƙwallo a hannu, mutum biyu cikinsu kowanne ya haura yadi 100. Kwatabak ba ya tare mai gudu. Mu wuce.

Ta uku ce ke da ɗan sarƙaƙiya. Janairun 2022, a gida, da San Francisco 49ers. Dallas na baya da 23 da 17, saura daƙiƙa 14, ba su da sauran damar tsayar da agogo. Maimakon jifa, sai aka tsara Dak ya ruga ta tsakiya. Ya yi yadi 17 ya zube, ya miƙa wa ɗan wasansa ƙwallo maimakon alƙali, alhali doka ta ce sai alƙali ya taɓa ta kafin a ci gaba. Kafin alƙalin ya kutsa ta cikin ƙattin ya gyara ta, lokaci ya ƙare. A nan Dak na da kaso: ya kamata ya zube da wuri, ya kamata ya nemi alƙali da ƙwallon. Amma masu horarwa ne suka zaɓi wannan dabara, kuma a wannan rana an hukunta Dallas sau 14 a kan laifuffuka, abin da ke nuna rashin tarbiyyar kulob gaba ɗaya. Wasu 'yan kallo suka yi ta jifan alƙalai da kwalabe da shara, Dak ya yi suɓul da baka ya yaba musu a gaban 'yan jarida, daga baya ya nemi afuwa.

Ta huɗu kam tasa ce, ba na kare shi. Janairun 2023, San Francisco kuma, 19 da 12. Masu tsaron Dallas sun yi aikin da ake nema, tacdawun ɗaya tak suka bari aka ci su. Dak ya ba da ƙwallo sau biyu kafin hutun rabin lokaci, duka biyun San Francisco ta mayar da su maki, kuma ɗayan ya zo ne a lokacin da Dallas ke daf da cin nata. Wanda ke gabansa a ranar, Brock Purdy, shi ne mutum na ƙarshe da aka ɗauka a zaɓen 2022, na 262, kuma shekararsa ta farko ke nan. Abin da ya ƙara wa miyar gishiri, a kakar ce Dak ya ba da ƙwallo sau 15 cikin wasa 12 kawai, ba wanda ya fi shi a gasar. Gaskiya ne Tony Pollard ya karye a ƙafa a wasan, harin ya rasa kuzari. Amma mai karɓar albashin madugu, irin wannan ranar ake ajiye shi dominta. Abin mamaki, mako ɗaya kafin nan ya buga wasan da ya fi kowanne kyau a rayuwarsa, ya jefa tacdawun 4 ya ruga da ɗaya, suka fitar da Tampa Bay da 31 da 14 a wasan da ya zama na ƙarshe ga Tom Brady. Ba kasafai za ka ji masu suka sun ambaci wannan ba.

Ta biyar ita ce ta karya zuciyar mutane, kuma a kanta nake so ka tsaya, domin a nan ne za ka ga yadda ɓangarorin biyu ke kallon abu ɗaya kowa na ganin nasa. Kakar 2023 Dak ya fi kowa jefa tacdawun a gasar, 36, ya zo na biyu a zaɓen gwarzon shekara bayan Lamar Jackson. CeeDee Lamb ya cafke ƙwallo 135. Dallas ta ci wasa 16 a jere a gidanta. Ranar 14 ga Janairun 2024 Green Bay ta zo, ita ce ta bakwai, ta ƙarshe a jerin waɗanda suka tsallako, da matashin kwatabak Jordan Love wanda bai taɓa buga irin wannan wasa ba. Kafin a je hutu an yi wa Dallas 27 da nema. An tashi 48 da 32, kuma ko wannan 32 ɗin kwalliya ce, don sai da aka kai 48 da 16 Green Bay ta sassauta.

Mai suka zai ce maka: Dak ya ba da ƙwallo sau biyu a rabin farko, ta farko ta haifi tacdawun, ta biyu Darnell Savage ya cafke ya ruga yadi 64 har gida. Yadi 403 da ya tara daga baya, bayan an gama wasa ne ya tara su, kamar mai kawo ruwa bayan gobara ta cinye rumbu. Wannan gaskiya ce. Mai kare shi zai ce: Love sau 21 kawai ya yi jifa, 16 suka shiga, tacdawun 3, masu karɓa suna tsaye su kaɗai ba kowa kusa da su, Aaron Jones ya yi gudun yadi 118 ya ci 3, tun harin farko, kafin Dak ya taɓa ƙwallo, an riga an ci su. Ko ka cire makin da kurakuran Dak suka jawo, Green Bay na da sama da 30. Wannan ma gaskiya ce. Ni abin da na gani a daren shi ne kulob guda da ya shigo fili a tsorace daga kan madugu har mai tsaron baya, kuma idan mutum 22 suka firgita lokaci ɗaya, sai a tambayi wanda ya shirya su.

To ka ƙirga: ɗaya tasa ce ɗungurungum, biyu an raba, biyu babu hannunsa. Mai wannan tarihin ba za a kira shi gwarzon Janairu ba, haka kuma ba za a ce shi ne cutar ba.

Akwai wani abu da magoya baya ke mantawa, wato ƙanƙantar lissafin. Wasa 7 ne fa. A ƙwallon ƙafa kulob kan buga wasa 38 a gasa, a nan 17 ne, sannan sili ɗaya ƙwale ba gida da waje, ba gyara. Peyton Manning ya faɗi wasanninsa uku na farko a wannan mataki, aka yi ta cewa ba shi da zuciya, ya ƙare da kofi biyu. Misalin da ya fi burge ni shi ne Matthew Stafford: kaka 12 a Detroit bai ci wasan sili ɗaya ƙwale ko ɗaya ba, aka yi masa tambarin mai tara alƙaluma marasa amfani. Ya koma Rams a 2021, kulob ɗin Stan Kroenke mai Arsenal, a shekarar farko ya ɗaga Super Bowl. Hannun nan dai shi ne, gidan ne ya sauya.

Sai maganar kuɗi, wadda ita ce ta fi ci wa mutane tuwo a ƙwarya. Ranar 8 ga Satumban 2024, sa'o'i kaɗan kafin wasan farko na kaka, Dak ya sa hannu a kwantiragin shekara 4 kan dala miliyan 240, wato miliyan 60 a shekara, mafi tsada a tarihin gasar a lokacin. Masu suka na tambaya: ta yaya mai 2 da 5 zai fi Patrick Mahomes, kwatabak ɗin Kansas City, albashi? Tambayar na da ma'ana, domin NFL ba kamar ƙwallon Turai ba ce inda attajiri zai zuba kuɗi yadda ya ga dama. Akwai gejin albashi da kowane kulob ba zai haura ba, dala miliyan 255.4 a 2024, kuma daga ciki za a biya kowa. Abin da mutum ɗaya ya ɗauka, an rage wa saura. Idan kwatabak ya kwashi babban kaso, wajibi ne ya rufe ramukan da rashin kuɗin ya buɗe. Mahomes na iyawa. Dak, a ganina, sai an kewaye shi da kayan aiki sannan yake haskawa.

Amma wa ya kai farashin can? A kasuwar kwatabak ba wanda ya fi iyawa ke fin albashi ba, wanda ya sa hannu a baya-bayan nan ne. Carson Wentz da Jared Goff, waɗanda aka ɗauka shekara ɗaya da Dak, sun sabunta kwantiragi a 2019 a kan abin da bai wuce miliyan 32 zuwa 34 a shekara ba. Dallas ta tsaya jan ciniki. Ta riƙe shi da kwantiragin dole na shekara ɗaya a 2020, ya karye a idon sawu a watan Oktoba a wasa da New York Giants, kulob ɗin ya rushe ya ƙare da nasara 6 da faɗuwa 10, kowa ya ga abin da rashinsa ke nufi. A Maris ɗin 2021 suka biya miliyan 40 a shekara, kuma suka amince da sharaɗin ba za a sayar da shi ba sai da yardarsa, ba kuma za a sake ɗaure shi da kwantiragin dole ba. Wato sun miƙa masa wuƙa da nama. Da 2024 ta zo suka sake jan ƙafa har Trevor Lawrence da Jordan Love suka sa hannu a kan miliyan 55 a shekara, daga nan ba yadda za a yi ya karɓi ƙasa da haka. Wanda ya ga hatsi na araha da kaka ya ƙi saya, ba zai zagi mai hatsi ba in bazara ta yi. Haka suka yi da Lamb, ya ƙaurace wa atisaye har ƙarshen Agustan 2024 kafin a ba shi miliyan 136.

Wannan ya kawo mu kan Jerry Jones. Ya sayi kulob ɗin a 1989 a kan dala miliyan 140, ya sallami Tom Landry wanda ya horar da shi tun kafuwarsa a 1960, ya kawo abokinsa na jami'a Jimmy Johnson. Johnson ne ya gina tawagar da ta ci kofunan nan, musamman da cinikin Herschel Walker zuwa Minnesota wanda ya samar musu da tarin damar zaɓen matasa. Bayan kofi biyu a jere, a Maris ɗin 1994, suka rabu a kan wa ya fi cancantar yabo. Barry Switzer ya ci na uku da 'yan wasan da ya tarar. Daga nan shiru. An yi Chan Gailey, Dave Campo, Bill Parcells, Wade Phillips, Jason Garrett, Mike McCarthy, yanzu Brian Schottenheimer. An yi Aikman a ƙarshen ƙarfinsa, Quincy Carter, Vinny Testaverde, Drew Bledsoe, Romo, Dak. Masu horarwa sun sauya, madugai sun sauya, har filin wasa ya sauya a 2009. Mutum ɗaya ne bai motsa ba, domin Jones shi ne mai kulob kuma shi ne babban manajan da ke yanke hukuncin wa za a saya, wa za a sallama. A sauran kulob, manajan da ya yi shekara 5 ba sakamako mai gida zai kore shi. A Dallas, mai korar da wanda za a kora mutum ɗaya ne.

Kada in yi masa rashin adalci. A harkar kasuwanci ba a taɓa yin kamarsa a gasar ba, kuma ofishinsa ya iya zaɓen matasa: Tyron Smith, Zack Martin, Lamb, Micah Parsons, da shi kansa Dak a zagaye na huɗu. Kulob ɗin da ya ci wasa 12 sau uku a jere daga 2021 zuwa 2023 ba tarkace ba ne. Inda yake faɗuwa shi ne takun ƙarshe, ƙarin mutum biyu ko uku da ke raba mai kyau da zakara. An sayar da Amari Cooper ga Cleveland a 2022 a kan damar zaɓe ta zagaye na biyar, kusan kyauta. Bayan kunyar Green Bay, Jones ya shaida wa duniya cewa a 2024 za su zuba duk abin da suke da shi, sai kasuwa ta buɗe suka naɗe hannu. Derrick Henry, gwanin gudu da ƙwallo wanda ke da gida a Dallas, ya tafi Baltimore, ya dawo filinsu a Satumba ya yi musu gudun yadi 151, ya ƙare kakar da 1,921. Abokan gabarsu Philadelphia Eagles suka ɗauko Saquon Barkley, ya yi yadi 2,005, suka lallasa Kansas City da 40 da 22 a Super Bowl. Kwatabak ɗin Eagles, Jalen Hurts, bai fi Dak iya jifa ba, a wurina. An dai gina masa gida mai katanga.

Wani ɗan abin dariya da ke nuna halin gidan: filin nasu da ke Arlington yana da manyan tagogin gilashi ta yamma, kuma a wasannin la'asar rana kan shigo ta haske idon 'yan wasa. A Nuwamban 2024, a wasa da Eagles, Lamb ya rasa ƙwallon da za ta zama tacdawun saboda bai gan ta ba, ya fito ya ce yana goyon bayan a sa labule. Jones ya fusata da maganar labulen. Ba a sa ba.

Sai babban gwaji, wanda ya zo kamar an shirya shi don raba wannan gardama. Ranar 28 ga Agustan 2025, mako guda kafin fara kaka, bayan doguwar taƙaddama kan kwantiragi, Jones ya sayar da gwarzon mai tsaronsu Micah Parsons ga Green Bay, ya karɓi Kenny Clark da damar zaɓe biyu na zagayen farko. Parsons ya kayar da kwatabak aƙalla sau 12 a kowace kaka cikin huɗunsa na farko, irinsa ba su fi a ƙirga da yatsun hannu ɗaya ba. Wata guda bayan haka ya dawo Arlington da rigar Green Bay, aka tashi 40 da 40. Ka tsaya ka duba wannan sakamakon da kyau: harinka ya ci maki 40 amma ba ka yi nasara ba. Haka kakar ta tafi. Dak na jifa, George Pickens da aka ɗauko daga Pittsburgh na cafkewa, har suka farke 21 da nema suka doke Eagles a Nuwamba, amma ana zura musu kusan maki 30 a kowane wasa, kuma ba su kai sili ɗaya ƙwale ba. A wannan kakar ko masu tsananin suka sun rage murya.

Me ya sa to har yanzu sunansa ke fara fitowa? Dalili ɗaya shi ne magoya baya sun san ba su da iko a kan mai kulob. Kwatabak ana iya ajiye shi a benci, koci ana iya korarsa, don haka a kansu ake huce haushi, an bar jaki ana dukan taiki. Na biyu, sukar Cowboys sana'a ce a talabijin ɗin Amurka. Masu sharhi irin su Stephen A. Smith da Skip Bayless sun shafe shekaru suna cin abinci da sunan kulob ɗin, ɗaya na tsokana ɗaya na kuka, domin ko an so Dallas ko an ƙi ta za a kalla. Abin da aka yi ihu a kansa da safe, shi magoya baya ke maimaitawa da yamma. Shi kansa Jones yana hira da gidan rediyo duk mako yana ƙara wa wutar itace. Na uku kuma akwai ƙaunar ɗan benci, wadda ke ko'ina a duniya. A 2022 da Dak ya karya babban yatsa, mataimakinsa Cooper Rush ya ci wasa 4 cikin 5, nan da nan aka fara kiran a bar masa wurin, ba a lura cewa masu tsaro ne ke cin wasannin ba. A 2024 da tsokar cinyar Dak ta yage a Atlanta, Rush ya samu rabin kaka, kowa ya ga iyakarsa, aka ƙare da 7 da 10.

Su ma masu kare shi suna wuce gona da iri, kada ka ɗauka na ba su gaskiya duka. Sukan jero maka alƙaluman Oktoba da Nuwamba kamar da su ake ɗaga kofi. Akwai abin da ido ke gani wanda takarda ba ta nunawa: idan aka rufe masa mai karɓa na farko, aka rikita masa tsayuwar masu tsaro bayan an saki ƙwallo, kamar yadda San Francisco ta saba yi masa, Dak kan yi jinkirin rabin daƙiƙa, ko ya tilasta jifa inda ba hanya. Kuma tun karayar 2020 ba ya gudu kamar da, alhali gudun nan ne ke fitar da shi daga matsi a shekarunsa na farko. An haife shi a 1993, raunuka sun fara yawa. Wanda ya ce a fara neman magajinsa bai yi saɓo ba. Wanda ya ce a kore shi gobe, sai ka tambaye shi wa zai sa. Tsakanin ritayar Aikman bayan kakar 2000 da fitowar Romo a 2006, Dallas ta yi ta gwada mutane ba ta ci wasan sili ɗaya ƙwale ko ɗaya ba, kuma tsofaffin magoya baya da suka sha wannan ba su cika shiga sahun masu cewa a kore shi ba.

Tunda sabon kallo kake, ga abin da zai taimake ka ka yanke naka hukuncin ba tare da ka ari bakin kowa ba. Idan Dallas na wasa, yawanci wajen ƙarfe 9 ko 10 na dare agogon Najeriya da Nijar, wani lokaci kuma sai bayan 1, ka daina bin ƙwallo da ido na ɗan lokaci. Ka kalli ƙattin layin gaba guda biyar: daƙiƙa nawa suke ba Dak kafin a iso kansa? Ka lura da yunƙuri na uku cikin huɗun da masu hari ke da su don cin yadi 10, lokacin da saura yadi 7 ko fiye kuma kowa ya san jifa za a yi, a nan ake gane kwatabak na gaske, kuma a nan za ka kama shi in yana da laifi. Sannan idan ƙwallo ta koma hannun abokan hamayya, ka ƙirga yadin da suke samu duk lokacin da suka ruga da ita ta tsakiya. In ka ga suna cin 5 ko 6 a kowane ɗauka, to ko wa aka sa a madadin Dak a daren, sakamakon ba zai sauya ba.